Ƙofar Yayan Babanku

Na san abin da gwaggonku ta gaya muku, don ba ta iya magana a hankali ba, ina can garinmu Kalfu ma amonta yana iso ni. Ta ce na fifita na'ura a kan aure, na riƙe mabuɗin dukiyar gidanku na ƙi saki har sai da aka sallame ni. Da wannan maganar kuka girma. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa zama wuri ɗaya na daɗe har in ba da labari ba. Kun san halina, ko a gidan biki ƙafata ba ta hutawa. Yanzu gwiwa ta zaunar da ni dole, to bari in faɗi yadda aka yi a shekarar da ordinatar, abin da ku kuke ce wa kwamfuta, ta shigo gidan kakanku Alhaji Arzika.

Sai na fara da yayan babanku, wanda ba ku taɓa gani ba. A farin da ya biyo bayan na farko, wanda ya kwashe abin da na farkon ya rage, shi ne ke riƙe da garken Alhaji can arewa da Takanamat. An ce masa ya gangara kudu tun da wuri, ya ce ruwa na tafe. Ruwa bai zo ba. Shanun suka dinga faɗuwa har ba sauran wadda ke tsaye. Ya ɗaure igiyoyinsu wuri ɗaya, ya ba makiyayi ya kawo wa Alhaji, shi kuwa bai biyo ba. Kunya ce ta kore shi, kowa ya sani. Daga nan sai labarin direbobi: wannan ya gan shi a Agadas, wancan ya ce Tamanrasat yana lodi, wani ya rantse a Abijan ya gan shi yana tallan agogo. A gidan kuma ba mai kiran sunansa, tun ma yana nan. Ɗan fari ne, Alhaji da Inna ba su faɗa. Babanku Yaya yake ce masa. Ni matar ƙane ce, bakina bai isa ba.

Alhaji hatsi yake saye da fatu, yana da magaza, wato sito, a bakin kasuwa da kamiyo biyu, manyan motocin kaya, ɗaya na kudu ɗaya na arewa. Lokacin soja ne, buhu ba ya motsi sai da takarda, ga shingen jandarma a kowace hanya. Wani furoje, aikin raya ƙasa na Turawa, ya tashi, suka yi gwanjon kayansu, Alhaji kuwa bai iya ganin gwanjo ya wuce ba. Ya dawo da kujeru, da firji, da wannan na'ura, har da mutumin da ke kula da ita, wani ɗan Togo da ake kira Mushe Kofi, wanda ya yarda ya tsaya ɗan lokaci ya shirya mana ita. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, wai mutum da ransa da ƙibarsa ana ce masa mushe. Ni na koyi buga tafireta a lakkwal, makarantar boko, na yi aikin buro, wato ofis, kafin aure, kuma zaman gida ya kusa haukata ni, in share tsakar gida in sake sharewa. Da Alhaji ya ce in zo in zauna gaban na'urar, ban tsaya neman ɗankwali mai kyau ba.

Mushe Kofi ya ce kowa da ƙofarsa. Masu tsaron magaza ƙaramar ƙofa gare su, su ga kayan da ke ciki, ba su taɓa komai. Ta tsakiya, wadda aka ba ni aka ba babanku, tana barin mutum ya shigar da sabon kaya, ya gyara sunan mai saye in an yi kuskure, ya rubuta inda kamiyo za shi. Babbar ƙofa ita ke buɗe wa mutum ƙofa, ta faɗaɗa masa ita, ta ɗora shi a kan mota ko magaza, ko ta shafe shi gaba ɗaya. Kowace ƙofa da kalmarta ta sirri, shi yana ce mata kod, mu muka ce mabuɗi. Babbar ta Alhaji ce. Amma Alhaji ajami ya iya, bai san boko ba, don haka ya raɗa mini sunan wata rijiya da ya fara shayar da raƙumansa yana saurayi, ni nake buga masa, yana tsaye a bayana da carbinsa. Mabuɗin nasa ne, a yatsuna yake kwana.

Ranar da ake buɗe ƙofofin, da aka gama da kowa, Mushe Kofi ya tambaya ko da saura.

Alhaji ya ce, "A buɗe ma yaron ga tashi. Babba, irin tawa."

Mushe Kofi ya ce wane yaro, mene ne sunansa. Muka dubi juna. Bawan Allah bai san al'adarmu ba, sai ya ɗauka ba a ji Hausarsa ba ne, ya sake tambaya da ƙarfi, ya sake da Faransanci. Babanku ya juya yana kallon titi. Ni na sunkuyar da kai. Can Alhaji ya tsoma yatsa a kofin shayinsa, ya rubuta sunan da ajami a kan tebur, ya nuna mini. Na ce masa Baba, ai ni ma ba ni iyawa.

Ya ce, "Rubutu ba kira ba na, ɗiyata. Buga."

Na buga: Assumana. Da wannan fatawar ta kakanku nake rubuta muku shi yau, har yanzu bakina bai taɓa faɗarsa ba.

Na'urar tana jera mutane ne bisa harafi, ba ruwanta da wanda ke nan da wanda ba ya nan. Duk safiya in an kunna ta, Arzika ne a sama, Assumana na biye, sunan babanku yana ƙasa. Kafin ya isa nasa sai ya gangaro ta kan na yayansa. Kusa da kowane suna tana nuna ranar da mai shi ya shiga na ƙarshe. Gaban na Assumana fili ne kawai. Na lura babanku yana saurin danna maɓallin gangarawa, amma lokacin ban ɗauke shi komai ba.

Inna ce ta mai da abin wani abu. Ranar Lahadi in ta taso daga kasuwa sai ta biyo ta buro, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta tsaya nesa da wayoyi don an gaya mata kuran, wato wutar lantarki, na kisa.

Ta ce, "Shina nan?"

In ce, "Shina nan, Inna."

Sai ta sa in nuna mata da yatsa, ta ƙura wa koren rubutun ido, ita da ba ta san ko harafi ɗaya ba. Kada ku ɗauka ruɗewa ta yi. Inna ta fi mu duka wayo, ta san ba labarinsa na'urar ke bayarwa ba. Amma ko'ina a gidan ana rage shi. Ɗakinsa ya koma wurin ajiye fatu, matarsa alƙali ya warware mata aure ta koma gidansu, dokinsa an sayar. Wannan akwatin ne kaɗai ya riƙe sunansa cikakke, yana nuna shi kowace safiya ba kunya. Wata rana da wani direba ya zo da labarin wai an ga gawar wani Ba'adare, mutumin ƙasarmu, kusa da wata rijiya a hamada, Alhaji ya shigo buro bayan ya sallami mutumin, ya daɗe tsaye a bayana.

Ya ce, "Ƙohwar ga ba a ruhe ta. Ko ba ni nan. Kin jiya?"

Na ce na ji.

Bayan ƙaramar salla Alhaji ya faɗi a kasuwar dabbobi yana cikin ciniki. Aka dawo da shi daga likita ɓarin dama ya mutu, harshe ya ɗaure. Komai ya faɗo a kan babanku, kuma ina so ku san ya ɗauka. Shi ne bin kamiyo, shi ne tsayuwa gaban masu kaki yana riƙe da hula a hannu, shi ne ciyar da gida mai baki da yawa, da baƙin ƙauye da yunwa ta koro suka cika mana zaure. Ya rame har wuyansa ya fito. Sai ga matsalar motar arewa. Tun farko Alhaji ya sa an ɗora Assumana a kanta, don haka takardar da na'ura ke fitarwa shi take nunawa a matsayin mai alhakin motar. Da Alhaji na tsaye ba mai tambaya, an san shi. Yanzu wani sabon jami'i ya ce sai mai sunan ya zo da ƙafarsa. Mota ta tsaya da lodin gero a rana, mutanen Takanamat suna jira.

Babanku ya shigo buro da gumi, ya ce in shafe sunan. Na ce ba sai an shafe ba. Na shiga babbar ƙofa a gabansa, na sauke Assumana daga kan motar na ɗora shi, na fitar da sabuwar takarda, tun kafin azahar mota ta kama hanya. Na ji daɗin kaina ƙwarai, na ce shi ke nan an huta. Ashe ba motar ba ce.

Ya dawo da maganar bayan kwana kaɗan, sannan ta zama ta kullum. In kawo tuwo, ita ce. In yi masa sannu da zuwa, ita ce. Ya ce shi ke wahala wani na zaune a samansa. Ya ce mutumin da ya kashe garke ya gudu an ba shi babbar ƙofa, shi da ya tsaya an ba shi irin ta matarsa. A nan gaskiya gare shi, kuma na gaya masa haka. Na mai da magaza duka a ƙarƙashinsa, na mai da motar kudu, ba abin da ya rage da sunan yayansa sai sunan kansa. Bai isa ba. Ga Baba Nomau, ƙanen Alhaji, yana zuga daga gefe, ba don mugunta ba, shi mutum ne mai son a gama abu. Ya ce rayayye ma yana da hakki, a rufe a na'ura, a je wurin alƙali, a yi sadaka, Inna ta yi kukanta sau ɗaya ta huta. Ni kuwa a watannin nan na rasa inda zan sa kaina. In zauna in tashi, in goge na'urar da ba ta yi datti ba, in taso aiki in bi doguwar hanya ta bakin tabki don kada in isa gida da wuri. Ina tsoron ranar da tsohuwar nan za ta tuɓe takalmi ta tambaye ni, in rasa abin da zan nuna mata da yatsa.

Na je wurin Alhaji. Yana kwance a gadon karaga ƙarƙashin dogon yaro, Inna na kore masa ƙuda, Baba Nomau na gefe. Na durƙusa na zayyana masa komai, na ce ya ba ni alama. Ya dube ni da idon nan nasa da bai mutu ba, ya ɗaga hannun hagu, ya sake shi ya faɗi a kan tabarma. Inna ta ce ya ce a'a. Baba Nomau ya ce ya ce a yi. Suka fara musu a kansa kamar ba ya wurin. Na tashi da abin da na zo da shi.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi ne. Babanku ya shigo da Baba Nomau, masu tsaron magaza suka taru a bakin ƙofa don sun ga fuskarsa.

Ya ce, "Yau a gama. Na gaji da roƙon matata cikin gidan ubana."

Wannan kalmar ta roƙo ita ta tayar mini da zuciya. Mabuɗin Alhaji amana ne, ba zan ba shi ba, kuma hannuna ba zai rufe ƙofar da na ce na ji ba. Amma na ga wata hanya, kuma cikin fushi na gan ta. Na shiga babbar ƙofa, na faɗaɗa ta babanku har ta kai ta Alhaji, na fita, na tashi daga kujera. Na ce masa yanzu ba ya roƙon kowa, ya shiga da nasa mabuɗin, duk abin da Alhaji ke iyawa shi ma yana iyawa. Ya zauna. Na nuna masa inda zai bi, ya tsaya a kan sunan, ya danna maɓallin shafewa. Na'urar ba ta shafe mutum kai tsaye, sai ta tambaya da Faransanci ko ka tabbata, ka danna harafin i ko na a'a. Tambayar ta fito, ɗan hasken yana ƙiftawa a gabanta. Ya ɗora yatsa a kan harafin i. Baba Nomau ya ce ya yi bisimilla ya danna.

Bai danna ba. Fanka na juyawa, ana jin ƴan dako suna sauke buhu a waje, shi yana zaune. Ya yi magana can ƙasa, ba tare da ya waiwayo ba.

Ya ce, "Ke ki yi. Aikinki na."

Na ce, "Kai ka so, hannunka shi yi. Yayanka na."

Ya miƙe. Fuskarsa sharkaf, kuma ba gumi ba ne, kowa ya gani, har masu magaza da yake yi wa tsawa kullum. Ya ratsa su ya fita. Baba Nomau ya bi shi yana kira. Ni na tsaya ina kallon tambayar, ban taɓa komai ba. Da rana ta take aka ɗauke kuran kamar yadda aka saba, allon ya yi baƙi. Da aka maido na kunna, jerin ya fito yadda yake.

Da la'asar ya same ni a ɗaki ina ninke kaya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in tafi gida in huta. Duk macen da ta yi aure ta san irin wannan hutun. Na goya Sani, shi ke shan nono, ku biyu manya aka ce ku zauna. Ke Hadiza kin bi ni har bakin titi kina riƙe da zanina, gwaggonku ta ɓamɓare hannunki. Na shiga taksin Kalfu ina ce wa kaina fushi ne, mako ɗaya zai zo biko.

A gidan mahaifina na zama abin dariya. Duk ƙarar mota in fito da gudu, har yara suka gane, su yi ta kwaikwayon hon da baki don su ga na leƙo. Inna ta aiko, ta sake aikowa, ta ce in dawo ita ta yarda. Na ce sai shi ya zo da kansa. Kun san kaina, daga wurina kuka samo naku. Shi ma bai zo ba. Aka yi girbi, takarda ta iso.

Na daɗe ina juya abin. Da ƙin da na yi ne kawai, da ya yafe, don mun sha yin faɗan da ya fi wannan mu ci tuwo tare. Duk watannin da yake matsa mini, hannun da ba nasa ba yake nema, wanda zai yi abin ya huta da jira, ya kuma sami wanda zai ji wa haushi. Ni kuwa na janye nawa, na bar shi da nasa a gaban mutane. Na gani, na sa an gani, cewa mutumin da ke cika baki yana son a gama da yayansa ya fi kowa kasa rabuwa da shi. Wannan ne bai iya zama da ni a kansa ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, da shi, da girman kansa, da yadda ya bar ku kuka girma kuna ganina ranar salla kawai. Kuma har yau ban daina jin tausayinsa ba, ban kuma so wani namiji kamar yadda na so shi ba, ko da yake na sake aure kun sani.

Babbar ƙofa tana hannunsa tun daga ranar nan. Ba ni a wurin, Alhaji ya rasu, Inna ta bi shi, ba wanda zai hana shi komai. Ɗaya daga cikin masu magaza, wanda ke zuwa Kalfu sayen dawa, ya gaya mini cewa har zafi ya kashe na'urar bayan wasu shekaru, babanku yana gangarowa ta kan sunan nan kowace safiya kafin ya kai nasa. Ya shafe direbobin da suka bar aiki, ya shafe masu sayen da suka mutu, har na Alhaji ya rufe bayan sadakar arba'in. Wancan bai taɓa shi ba.

Sau ɗaya muka tsaya ni da shi bayan haka, ranar bikinki, Hadiza. Na fito daga cikin gida da kwanon fura, shi zai shiga, muka haɗu a zaure ba hanyar kaucewa. Ya yi furfura, ya ɗan duƙa. Muka gaisa kamar surukai, ya tambayi mutanen Kalfu, na tambayi jikinsa. Na matsa zan wuce, sai ya ce, yana kallon ƙasa:

"Har yanzu ba mu ji komi ba."

Na ce, "Allah shi sa a ji."

Ya ce amin, ya raɓa bango ya ba ni hanya.